Tambaya da Amsa: Zan Canza wa Banɗaki Wuri, Ta Ina Bututu Zai Bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Gidana na ƙasa ne, ba bene ba, a Rikkos, Jos. Ina so in tashi banɗakin da ke kusa da falo in mayar da shi ɗakin mahaifiyata, saboda ƙafa ta fara damunta. Wani mai aikin famfo ya ce a fasa daɓen falo a miƙe da bututu zuwa tsohuwar camba, wato ƙaramin ramin nan mai murfi da bututun banɗaki ke zubewa a ciki, mita 12 ke nan. Wani kuma ya ce a zagaya ta bayan gini, mita 18. Maganar wa zan ɗauka?
Daga mai karatu a Rikkos

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Malam, kada ka ɗauki maganar kowa tukuna. Sa a buɗe murfin cambar nan, a ɗauko siririn tiyon da magina ke awo da shi, a cika shi da ruwa, a ga zurfin santimita nawa ne tsakanin daɓen ɗakin Hajiya da gindin bututun da ke shiga camba. Wannan awon ne zai raba gardama.

Ruwan banɗaki ba ya tafiya sai da gangara. Bututun masai inci 4 ne, kuma ana so ya sauka santimita 2.5 a kowace mita. Hanyar falo ke nan tana cin santimita 30, ta baya kuma 45. Ƙara kamar 20, domin bututun daga ƙarƙashin daɓe zai taso. To, in zurfin cambarka ya kai 65, ka zagaya ta baya ko da kuɗin bututu ya fi yawa. Duk ranar da ya toshe, ƙasa za a tona, ba tayil ɗin falo ba. In zurfin ya gaza, ana iya rage gangarar zuwa santimita 1.5 a mita, amma kada a yi ƙasa da haka. In aka yi ƙasa da haka, abin da ke faruwa shi ne ruwa ya riƙa jan ƙafa, bahaya ya kwanta a hanya, bayan 'yan watanni a fara neman mai zura waya.

Wasu sukan ɗaga daɓen banɗakin su samu gangara. A nan ba mu ba ka wannan shawarar ba, tunda mai ciwon ƙafa aka yi wa aikin, kada a haɗa ta da matakala. Gara a saka masai mai fitar da bututu ta bango, wanda bakinsa ke kamar santimita 18 sama da daɓe. Ka ga an samu ragowar tsawo a ɓagas. Shi ya sa ake sayen masai kafin a fasa komai, domin shi zai nuna inda rami zai faɗo. A kuma duba fuskarsa tun yanzu, kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya.

Ƙasar Jos kuwa ka san halinta, ana tona ƙafa biyu sai diga ta ce ƙwal a kan dutse. A fara haƙa ramin gwaji biyu ko uku a kan hanyar. A shimfiɗa yashi mai kaurin santimita 10 a ƙarƙashin bututu, don tsinin dutse yana tsaga roba idan ƙasa ta danne.

A kowace kwana ta waje a gina ƙaramar camba mai murfi. Inda babu hali, a haɗa gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon ɗaya mai 90. Shawa da magudanar daɓe su samu bututu inci 2, kuma kowannensu, har da kwanon wanke hannu, a sa masa lanƙwasar nan mai riƙe ruwa, ita ke tare wari.

Abin da aka fi mantawa shi ne bututun iska. A ɗaga shi daga farkon layin har ya wuce rufin kwano, nesa da taga, a rufe bakinsa da raga saboda sauro. In babu shi, duk lokacin da aka kora masai zai zuƙe ruwan lanƙwasar shawa. Za ka ji tana ƙwal-ƙwal, sai wari ya biyo baya cikin ɗakin kwana.

Idan awo ya nuna tsohuwar cambar ba za ta ɗauka ba ko ta yaya, sai sabon sokawe. A nisanta shi da rijiya, taka ko ta maƙwabci, aƙalla mita 15, in fili ya bari a kai 30, kuma ya kasance ta gangaren rijiyar.

Kafin a mayar da ƙasa, a toshe bakin bututun ta wajen camba, a cika shi da ruwa, a bar shi kamar rabin awa. Ka bi kowace mahaɗa da hannunka kana shafawa. Inda ka ji danshi, gam bai kama ba, a yanke a sake. Sannan a cire toshiyar, a kora guntun takarda daga masai, kai kuma ka tsaya a bakin camba har ka ga fitowarta kafin ka biya cikon kuɗin aiki.