Motata tana jinkirin karɓar giya da asuba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura mai giya otomatik, ta hannu na saye ta shekara uku da suka wuce, da ita nake ɗauko masara daga kasuwar Dandume zuwa Funtuwa. Tun da hunturun nan ya shigo, in na tashe ta da asuba na sa giya a D, sai ta yi shiru kamar ban taɓa ta ba. Sai na ƙirga huɗu ko biyar sannan ta karɓa. In na taka totur takan karɓa da wuri, amma da bugu. Da rana ba ta cika yi ba. Bakanikena ya ce a sauke giyabos, wani kuma ya ce in sayo na Beljiyam in huta. Mene ne shawararka? Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, don Allah ka daina taka totur ɗin nan yayin da kake jiran ta karɓa. Bugun da kake ji faya-fayan kuloci ne ke haɗuwa da ƙarfi alhali inji yana gudu, kuma kowace safiya sai ya ɗan ci jikinsu. Ka bar ƙafarka a kan birki har ta shiga don kanta.

A giya otomatik, mai ne ke yin aikin da ƙafar direba ke yi a mota mai kuloci. Akwai famfo a gaban giyabos wanda inji ke juyawa, shi ke tura mai ya matse faya-fayan. Jinkiri yana nufin ƙarfin man bai isa wurin da wuri ba. Ko dai man ya yi ƙasa, ko hanyarsa ta toshe, ko yana zurarewa ta wata kafa a ciki. Biyun farko ba su buƙatar a sauke komai, shi ya sa ban yarda a fara da saukewa ba.

Ka fara da duba mai, amma ba kamar yadda ake duba baƙin mai ba. Ka yi tafiya da ita ta ɗauki zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, inji yana aiki, ka zagaya da giyar kowane matsayi sannan ka mayar P, ka zaro sandar gwaji. Ya kamata ya kai alamar zafi. Ka ɗiga shi a farar takarda. Ja mai haske lafiya ne. In ya yi duhu yana warin ƙonewa, faya-fayan sun fara cinyewa. In kuma ya koma kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ne ya shiga ta lagireto, domin a motoci da yawa bututun da ke sanyaya man giya ta cikinsa yake bi. Wannan kam ajiye mota za ka yi a ranar. Wasu sababbin motoci, irin Hilux mai giya shida da ta fito daga 2015, ba su da sandar gwaji. Ta wani noti a jikin kasko, wato mazaunin mai da ke ƙasan giyabos, ake auna man, a wani zafi na musamman da na'urar gwaji ke nunawa.

Sannan ka auna jinkirin da agogon wayarka, kada ka dogara da ƙirge. A littafin gyaran Toyota, idan mai ya yi zafi, daga N zuwa D bai kamata ya wuce daƙiƙa 1.2 ba, daga N zuwa R kuma 1.5. Ana gwadawa sau uku, ana barin minti ɗaya tsakani. Ko ba Toyota ba ce taka, wannan ma'auni zai nuna maka inda kake.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne da asuba take yi, da rana ba ta cika yi ba. Abu biyu na fi zargi. Na farko, konbata, wato tukunyar man nan da ke tsakanin inji da giyabos, takan tsiyaye man cikinta ya koma kasko in mota ta kwana, sai famfo ya sake cika ta kafin mota ta motsa. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: gobe ka tashe ta, ka ja birkin hannu, ka bar ta a N minti guda kafin ka sa D. In jinkirin ya ɓace, to shi ne, kuma na ga motoci da suka yi shekaru a haka suna aiki. Na biyu, robobin da ke riƙe mai a bayan kuloci sukan bushe da tsufa, sanyin hunturu ya ƙanƙance su mai ya riƙa wucewa, in sun ji ɗumi su koma daidai. Wannan ciwo ne mai tafiya a hankali, ƙarshensa sai an buɗe, amma zai ba ka lokaci ka shirya. Da a ce da zafi ta fi yi, da na fi damuwa, domin hakan yakan nuna famfo ya lashe. Ka lura kuma ko ribas ma tana jinkiri. In D ce kaɗai, matsalar na wajen kulocin gaba. In duka biyun ne, ta gaba ɗaya ce, mai ko filta ko famfo.

In man bai ƙone ba, ka sa a kwance kaskon ƙasa a gabanka. Akwai maganaɗisu a ciki. Baƙin laka mai laushi a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin kuloci labari ne daban. A canza filta da gasket, a zuba man da littafin motarka ya ambata. Dexron daban, WS na Toyota daban, Mercon na Ford daban, jan launi ba shi ke sa su zama ɗaya ba, kuma jabun mai ya yi yawa a kasuwa, ka sayo da kanka a inda ka amince. Ka sani wannan juyewar ba ta fitar da man duka, mai yawa yana zaune a konbata, don haka ana iya maimaitawa bayan 'yan makonni. Wankin ciki da injin matsi kuwa ban ba ka shawararsa a tsohon giyabos ba, yakan tayar da datti ya kai shi cikin ƙananan hanyoyin mai.

Ba ka faɗi buhu nawa kake ɗora mata ba, amma na san yadda ake lodi ranar kasuwa. Yawancin irin waɗannan motoci kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka, buhu goma kenan na kilo 100. Duk abin da ya ƙaru zafi yake zama a cikin man giya, zafin nan kuma shi ke busar da robobin da na ambata.

Na Beljiyam ɗin, ka tuna shi ma wani ne ya gama amfani da shi, ba ka san cikinsa ba. In har bakanikenka ya dage sai an sauke, ka ce ya fara ɗaura agogon auna ƙarfin mai a jikin giyabos, ya nuna maka abin da ya karanta a D da R, da sanyi da kuma zafi. Ka rubuto mini lambobin tare da launin man da ka gani.