Babbar motar iyali za ta iya zama motar kai kaya?

Tambaya: Ina sayar da kaya a sari. Ina so in ciri kuɗi daga jari in sayi babbar mota mai layin kujeru uku, irin Toyota Highlander ko Honda Pilot, ta ɗauki iyali, kuma in riƙa kai wa kwastomomi kaya da ita. Me ka gani?

Amsa: Malam, kafin fenti da kujerun fata su ɗauke maka hankali, buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. A nan kamfani ya rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Galibin irin waɗannan motoci ba sa wuce kilo 600 zuwa 750. Manya bakwai masu kilo 70 sun cinye kilo 490 ke nan. Me ya rage wa kayan sari?

Dalilin yana cikin ƙirarsu. Highlander, tun fitowarta a 2000, a kan tsarin Camry aka gina ta, jiki da shasi a haɗe, ba kamar Land Cruiser da ke zaune kan shasin ƙarfe daban ba. Shi ya sa take da laushi a titi. Amma idan ka mayar da ita motar lodi, shokozoba da birki da taya ne za su fara kuka, gyaransu kuma daga ribarka zai fito. Taura biyu ba ta taunuwa. But ɗin ma, wato wurin kaya na baya, idan layi na uku yana tsaye, kusan lita 450 ne kawai a samfurin 2020.

Abin da ya fi damuna shi ne taɓa jari. Kuɗin da ke cikin haja yana juyawa, mota kuwa darajarta sauka take yi kowace shekara. Ka saye ta daga ribar da ka ware, ka rubuta ta a matsayin hidimar gida, ka ci gaba da biyan motar haya don kaya.

Idan lokacin saye ya zo, ka lura da shan mai: Highlander 2020 mai silinda shida tana shan kusan lita 10 a kilomita 100, mai haɗa fetur da batir kuma wajen lita 6.5. Idan Pilot ce ta hannu, ka tambayi yaushe aka canja bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita juyawar sassan injin, domin ana canja shi ne wajen kilomita 160,000, tsinkewarsa kuma na iya lalata injin.