Amsoshin Tambayoyinku: Madubin Jabu, Kyamarar Gwanjo da Tafiyar Dagona

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa wasiƙu suka yi mini yawa, kamar yadda aka saba duk lokacin da baƙin tsuntsaye suka fara sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Masu neman maganin jan-baki a gonar shinkafa ku yi haƙuri ku nemi malaman gona, ni ɗan kallon tsuntsaye ne.

Wani ɗalibi daga Zariya: "Kawu, na ga madubin hangen nesa wajen wani mai talla a tasha, an rubuta 60x90 a jikinsa, da sunan Bushnell, ya ce har da dare yana gani. Kuɗinsa bai kai cefanen mako ba. Na shago kuma 8x42 ne kawai, amma ya ninka shi kuɗi sau da yawa. Ba na tashar ya fi ƙarfi ba?"

Ɗana, kallon kitse kake yi wa rogo. Mayar da kuɗinka aljihu ka gyara zama.

Lambobin nan biyu ba ado ba ne. Ta farko tana faɗin sau nawa madubin zai jawo abu: 8 na nufin tsuntsun da ke taku tamanin zai zame maka kamar yana taku goma. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita, wato ƙofar da haske ke shiga. Ka ga ke nan 90 santimita 9 ce, gilashi mai faɗin bakin kofin shayi. Ari rula wajen ɗan firamare ka auna na mai tallar, in ya kai abin da aka rubuta ni zan biya maka. Sau 60 kuwa, ko da gaskiya ne, babu hannun da zai riƙe shi, bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya sa bishiya rawa. Shi ya sa masu wannan harka a ko'ina suka tsaya a kan 8 ko 10. Ganin daren da ya ce, jan shafe ne aka yi wa gilashin don ya yi ƙyalli. Abin da yake yi kawai shi ne ɓata launi, kai kuwa da launi za ka bambanta wannan tsuntsu da wancan.

Na san ciwon nan domin ya taɓa cin kuɗina. Shekarun baya na sayi irinsa a wani shago da ba zan kama suna ba, mai nauyi, mai jakar fata, har ina yi wa abokai yanga. Na kai shi bakin fadama da sassafe, na daɗe ina kallon kirinjijiya biyu a kan wani ɗan tudu, ina mamakin yadda suke juya wuya tare. Da na sauke madubin, ashe guda ɗaya ce. Kafin hantsi kaina kamar ana daka sakwara a ciki. Da na kwance shi a gida, gilashin wajen ido roba ce, nauyin kuma guntun ƙarfe ne aka liƙa da gam.

Saboda haka kada ka sayi madubi a cikin kwali. Fita da shi bakin ƙofa. Mai shagon da ya hana ka ya riga ya ba ka amsa. Miƙa hannunka da shi wajen sama mai haske, ka dubi ƙananan gilasan ido: za ka ga ɗigon haske a tsakiyar kowanne. A 8x42 faɗinsa ya haura milimita 5 kaɗan, don 42 ake rabawa gida 8, kuma a kewaye yake tsaf. In ka gan shi da kusurwa kamar an yanke masa gefe, gilashin ciki na araha ne. Sannan ka saita shi a kan wayar lantarki ko bakin kwanon rufi, ka ɗan janye shi daga fuskarka a hankali. In layin ya karye, na dama ya hau na hagu ya sauka, madubin harara-garke ne, shi ne irin nawa mai haifar da kirinjijiya. Mai zum ma, wanda ake murɗawa daga 10 zuwa 30, ka bar shi inda ka gan shi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mu muka ɓata 'yan kasuwa. Mutum zai ɗinka ankon biki uku a wata guda bai yi ƙorafi ba, amma abin da zai ɗora a kan idonsa shekara goma so yake ya saya da kuɗin farantin shinkafa. In ka yi magana ya ce ai duk kamfani ɗaya ne, suna ne kawai ake saya. Ba ɗaya ba ne. Kuma abin bai tsaya a madubi ba. Katin memori da aka buga wa SanDisk 128GB ana sayar da shi a kuɗin mai 16, waya za ta nuna maka 128 cif, don an koya wa katin ƙarya. Ka yi kwana uku a Nguru kana ɗauka, ka dawo gida hotuna sun ƙi buɗuwa. Wa za ka kai ƙara? Duk sabon kati ka cika shi taf da bidiyo tun a gida, sannan ka bi ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Batirin jabu kuwa zafin Afrilu ne ke tona masa asiri, ya kumbura a cikin kyamara ya ƙi fita. Araha ba ta ado, tun kakanni aka faɗa, mu ne dai ba ma ji.

Nemi 8x42, ko 8x32 in kana son marar nauyi, na Nikon ko Celestron ko Bushnell ɗin na gaske, da rasit. Na hannu mai lafiya ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. In kuɗin bai kai ba, ka shiga adashe ka ci gaba da kallo da idon da Allah ya ba ka.

Wani ma'aikacin banki daga Kano: "Malam, ina son fara ɗaukar hoton tsuntsaye. In ƙara kuɗi in sauya waya mai kyamara uku, ko in sayi kyamarar gwanjo?"

Yallaɓai, wayar za ta ɗauko maka belbela a gindin saniya, daga nan ta gama aiki. Sauran duk ɗigo za ka samu a kan reshe. A hoton tsuntsu dogon gilashi ne sarki, jikin kyamara bafade ne, kuma in lambar tsawon gilashin kyamarar ta gaza milimita 400 wahala za ka sha. Wanda aljihunsa bai kai can ba ya duba irin su Nikon P900 ko P950, masu zum sau 83, gilashin a jikinsu yake. Sun isa ka gane tsuntsu ka nuna wa jama'a, sai dai suna gazawa da asuba da almuru, da kuma in tsuntsun yana tashi.

Gwanjo ba laifi ba ne, makanta ce laifi. Sa a duba maka adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, kamar yadda kake duba tafiyar mota. Haska tocilan waya cikin gilashin: in ka ga wani abu kamar saƙar gizo, hunhuna ce, ta fi kama kayan da suka zauna a garuruwa masu damshi, kuma gyaranta kan fi ƙarfin rangwamen da aka yi maka. Kada ka sauya gilashi a fili ranar da hazo ya sauka. Kada ka goge shi da gefen riga, ƙurar hunturu yashi ce, busa ta ake yi tukuna. Ban ji ka ambaci madubi ba, alhali shi ne farko. Wanda bai iya nemo tsuntsu a cikin ganye ba, me zai ɗauka?

Wani daga Katsina: "Ba zai fi sauƙi in sayi tsuntsaye a kasuwa in ɗauke su hoto a gida in sa a lissafin tsuntsayen da na gani ba?"

To ka sayi kifi a kasuwa ka ce kai masunci ne. Tsuntsun keji ba ya shiga lissafin kowa. Kuma duk wanda ka saya, ka aiki mai tarko ya koma daji ne. Haka aka ƙarar da gauraka, tsuntsuwar ƙasa guda, har ta kai an fi ganinta a tsakar gidan masu kuɗi fiye da fadama. Aku tun 2016 duniya ta amince a hana fataucin wanda aka kamo daga daji. Ungulu da muka tashi muna kora a mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Yaushe rabonka da ganinta a bakin kwata?

Wasu abokai uku daga Kaduna: "Kawu, mun tara kuɗin tafiya ɗaya. Dagona, Yankari ko Jos?"

Ya danganta da wata. Daga Disamba zuwa Fabrairu, Dagona. Tana ƙaramar hukumar Bade a Yobe, kusa da Gashuwa, ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi, kuma sunanta ya kai har Yarima Philip na Ingila ya ziyarce ta a 1989. A waɗannan watannin ne ƙananan agwagin Turai da tsuntsayen bakin ruwa da suka ƙetaro Sahara suke cakuɗuwa da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Baturiya a Jigawa ma duk yankin ne, kuma ta fi muku kusa. Amma kada ku tafi da labarin da aka ba ku na shekara talatin baya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar ta canza hali, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ku tambayi ɗan gari inda ruwa yake bana kafin ku sayi mai.

Yankari ta fi sauƙin masauki, an lissafa tsuntsaye sama da iri 350 a cikinta, ga ruwan Wikki mai ɗumi, ga birai masu sata, ku rufe mota. Jos kuwa ta masu neman abin da ba kowa ya gani ba ce. A dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take tun 2001, akwai wani ɗan jan tsuntsun duwatsu, Rock Firefinch, wanda sai 1998 masana suka bayyana shi. Ku nemi izini kafin ku je, ba kasuwa ba ce.

Gargaɗina ya fi shawarar tsawo. Baƙo mai madubi a bakin daji a wannan zamani abin tuhuma ne, kuma mutanen ƙauye ba su yi laifi ba in sun tsargu. Ku fara da ƙofar dagaci ko mai unguwa, ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi ya haɗa ku da ɗan rakiya, ku kuma biya shi da kyau. Katin shaida a aljihu. Madubi da kyamara su koma jaka tun kafin shingen jami'an tsaro, kada a ɗaga su kusa da bariki ko gada. Ba tafiyar dare. Kada a sa rigar da ta yi kama da kakin soja don wai a saje da daji, toka-toka ko ruwan ƙasa ya isa. Kwale-kwale in ya cika a jira na gaba. Duk dajin da 'yan gari suka ce kada a shiga, ba tsuntsun da ya kai ranku.

Wata uwa daga Gashuwa: "Malam, ɗana mai shekara 12 ba shi da aiki sai bin tsuntsaye yana zane a littafi. Mahaifinsa ya ce shiririta ce, yara suna yi masa dariya. Ba ni da kuɗin saya masa komai. Ina tsoron kada abin ya hana shi karatu."

Hajiya, kwantar da hankalinki, Allah ya raya miki shi. Yaron da ya ajiye danƙo ya ɗauki fensir ai karatun yake yi. Zaman shiru, lura, rubuta abin da ido ya gani ba abin da aka ji ba, wasu sai a jami'a ake fama da su a kai. Ki tuna wa mahaifinsa cikin ladabi cewa aya ta 19 a Suratul Mulk kiran mutane take yi su ɗaga kai su dubi tsuntsaye.

Ba sai kin sayi komai ba sai littafin rubutu mai kauri. Ki ajiye masa tsohon kasko da ruwa a inuwa, nesa da inda kyanwa ke laɓewa, a riƙa sauya ruwan kullum. Da rani tsada da kurciya za su zo har gabansa. Ya riƙa rubuta rana da wuri da abin da tsuntsun yake yi. Ya rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka kowace shekara, ita da take tafiya har kudancin Afirka in damina ta wuce. Ki tura shi wajen kakanni da masunta ya kwaso sunayen tsuntsaye da Hausa da Badanci, don waɗannan ba ya samunsu a waya. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015, wanda ya dogara ga 'yan sa-kai, kuma matasan Arewa suna ciki sosai. In ya ƙara girma zai same su. Sharaɗi biyu kawai: ba hawa bishiya don leƙa sheƙa, ba zuwa bakin kogi shi kaɗai.

Wani daga Maraɗi: "Manhajar Merlin mai gane tsuntsaye ta ce tsuntsun da na ɗauka a bayan gida ɗan Amurka ne. In sanar da masana?"

Sanar da manhajar garin da kake tukuna, ka sauke mata jerin tsuntsayen yankinka, kyauta ne. Na dubi hoton da ka aiko. Hazbiya ce, dubi jan da ya kewaye idonta.