Daga Kumasi zuwa Tudun Wada: zancen kyanwar da ta ƙi fitowa

Ɗan Goggo, sau uku na saurari saƙonka, don a karon farko dariya ba ta bar ni na ji ƙarshensa ba. Wai abokinka na Samaru da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar maka kyanwarsa, yau kwana huɗu tana ƙarƙashin gadon Goggo, in an miƙa hannu sai ta kwantar da kunnuwa ta yi huci. Tambayarka ta yadda za a lallashe ta ta fito ba ta da laifi. Wutsiyar da ka liƙa mata ce matsalar: wai ko da yake mu nan Ghana cinye su muke yi, ina zan san lallashinsu.

Tunda kai ka tsokano, bari in fara da nan. Akwai masu cin kyanwa a wasu sassan ƙasar nan, har sunan wasa suka ba naman, "Joseph". Amma tun da aka haife ni a unguwar Aboabo a Kumasi ban taɓa ganin an ɗora tukunyarta a zango, wato unguwannin Hausawa, ba, su ma 'yan ƙasar ba kowa ke ci ba. Innata 'yar Ashanti ce, Tonawa in ji tsofaffinmu, kuma a wurinta na koyi duk abin da zan faɗa maka.

Ka janye tsintsiyar nan da ka ce yara suna zura mata. Babbar kyanwa ba kamar jaririya ba ce, ta riga ta san gida ɗaya da warinsa da muryoyin mutanensa, rana ɗaya aka kwashe mata duka. Ɓuyan da take yi shi ne maganinta. In ɗakin Goggo ba ya da yawan shige da fice, a bar ta a nan, a riƙa rufe ƙofa. Ka samo kwali ka yanke masa ƙofa, ka shimfiɗa tsohon zane a ciki. Abinci da ruwa kusa da inda take, daro da yashi kuma can a wata kusurwa, don kyanwa ba ta son cin abinci kusa da wurin ba-hayarta. Da rana ba za ka ga ta taɓa komai ba. Sai gida ya yi tsit take fitowa, saboda haka da asuba za ka duba kwanon da yashin ka gane ko ta ci.

Kai kuma aikinka zama ne kawai. Bayan la'asar ka shimfiɗa tabarma a ɗakin, ka ba ta gefenka, ka yi lazuminka a hankali yadda za ta saba da muryarka. Kada ka ƙura mata ido, a wurinsu wannan neman faɗa ne. In kun haɗa ido ka lumshe naka sannu, ka kau da kai. Ranar da ta leƙo, ɗan yatsa ɗaya za ka miƙa ƙasa-ƙasa ta shinshina, kada ka yi wuf ka ɗauke ta. Wata kwana uku ya ishe ta, wata sai ta kai wata guda. In ka ga ta fara goga kumatunta a ƙafar gado ko a ƙafarka, warinta take sawa, ta fara ɗaukar wurin nata ke nan. Ko a lokacin kada ka sake ta tsakar gida sai ta yi mako biyu zuwa uku, in ba haka ba za ta kama hanyar Samaru, ga kuwa tirelolin Kwangila tsakaninku da can.

Na ji Goggo tana cewa daga bayanka kulle kyanwa zunubi ne. Ka gaya mata a hankali, matar da hadisi ya ambata kulle ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Taku ga kifi ga ruwa. Sai dai madarar nan a daina, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa guba ce gare ta, ƙwayar Paracetamol kuwa kashe ta take yi, kada wani ya ce zai taimaka. A kwashe shinkafar ɓera daga ɗakin ajiya. In ta yi kwana biyu cur ba ta sa komai a baki ba, kada ka jira, hantar kyanwa ba ta jure yunwa. Ku da kuke da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ai ba ku da uzuri. Ka sa a yi mata allurar rigakafin haukan kare tun da ka je.

Yanzu ka tambayi Goggo labarin baƙar kyanwarta ta Kumasi, ka ga ko za ta kalle ka. A ƙarshen 1969 gwamnatin Firayim Ministan Ghana Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Babanka ba shi da ita, sai suka hau mota da Goggo da abin da hannu zai iya ɗauka, suka nufi Zariya, garin da Goggo ba ta taɓa gani ba sai a bakin Kaka. Kyanwar aka kawo ta gidanmu a cikin kwando. Ta shige bayan buhunan geron da Kaka ke dama koko da shi, ta ƙi kowa. Wasu har sun fara cewa a fitar da ita, baƙar kyanwa ba a san ko mece ce ba.

A lokacin Inna amarya ce, watanninta kaɗan a gidan, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Ka san Goggo tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙin auren, ba ta ɓoye ba, ni ma ba zan ɓoye ba. Matan gida in suna hira Inna ba ta da abokin magana, sai ta ɗauki tsintar wakenta ta shiga ɗakin geron ta zauna. Ba kyanwar ta je nema ba. Haka dai kullum, har wata rana Kaka ta leƙa ta tarar da abar a kwance kan zanen Inna tana gurnanin jin daɗi. Kaka takan ce daga ranar ta daina kiranta "yarinyar nan". Inna kuwa har ta rasu "ajinamowa" take ce wa kyanwa, da harshensu, amma ta yi aikin hajji, ta aurar da mu bakwai da lalle da buɗar kai, ba abin da aka rage.

Shi ya sa maganar nan taku ta "Hausawan Ghana ai sun narke" take sosa mini rai, ko da wasa aka yi ta. A nan in na shiga kasuwar Kejetia Bahaushiya ake ce mini. Na zo Zariya bikin ƙanwarka, daga buɗe bakina a Ƙofar Doka mai mota ya ce "'yar Ghana ce". To ina ne namu? Kakanmu goro ya kawo shi, ya zauna, aka ba shi wuri. Yau duk faɗin ƙasar nan da safe Hausa koko da ƙosai ake karyawa da su, shinkafa da waken da suke alfahari da shi ma sunansa daga wakenmu ya fito. Babban limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, jinin Hausawa ne. Eh, yaranmu suna cakuɗa Hausa da Turanci da harshen Ashanti, kuma mukan ce "mace ya zo". Amma wannan dariyar Bakano ne zai yi mini ita in yi shiru, ban da Bazazzagi mai cewa "rigan Goggo" da "motan Baba".

Ka gaishe da Goggo da kyau, ka ce ina nan tafe bayan babbar sallah in Allah ya yarda, da goronta fari. Zanen da za ka sa a kwalin ya zama nata, wanda ta ɗaura ba a wanke ba, tunda a ɗakinta baƙuwar ta sauka.