Wanda ya bar sigari a gadon asibiti, a sake duba maganinsa

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka taimaki mara lafiyan da aka kwantar ya rabu da sigari. Da ban amsa ba, don ku yaran yanzu baki na tambaya ido na kan waya, amma ka fama mini wani tsohon miki.

Wani dattijo ne manomin albasa daga wajen Wurno, kwali guda yake sha kullum. Numfashi ya sarƙe, aka kwantar da shi, aka ɗora shi kan theophylline, maganin buɗe hanyoyin numfashi. Tsoro ya sa ya bar taba tun daren farko, kowa na ta sa masa albarka. Aka sallame shi, adadin magani yana nan yadda yake. Mako bai cika ba aka dawo da shi tsakar dare, ga amai, ga zuciya na bugawa kamar za ta fito, sai jijjiga. Bai ga asuba ba. Babu wanda ya rubuta a fayil cewa ya daina shan taba, balle likita ya rage magani. Layi ɗaya tal! Hayaƙin taba yana sa hanta ta narkar da wasu magunguna da sauri. Da hayaƙi ya tsaya, sai hanta ta sassauta, magani ya taru a jini ya zama guba. Clozapine da olanzapine, magungunan taɓin hankali, ma haka suke. Filastar nikotin da ake liƙa wa mai barin taba a fata ba ta hana wannan, don aikin hayaƙi ne, ba na nikotin ba.

Wa'azin illar taba kuwa, bar shi, ya fi ka sani. Tambaye shi kara nawa yake sha a rana, kuma da wane lokaci yake kunna na farko. In ya wuce kara 10, filasta mai miligiram 21 ce mako 6, sai 14 mako 2, sai 7 mako 2, da sa hannun likita. A zafin Sakkwato gumi ɓamɓare ta yake yi, don haka a liƙa a busasshiyar fata marar gashi, a danna da tafin hannu, gobe a canza wuri. In cingam na nikotin ne, wanda ke kunna taba kafin ya yi minti 30 da farkawa mai miligiram 4 ake ba shi. Ya tauna kaɗan, in ya ji yaji ya ajiye a kunci. Mai taunawa kamar akuya, shaƙuwa da tashin zuciya zai samu.

Kwana na 2 da na 3 bayan barin taba ne ƙaiƙayin ya fi tsanani: faɗa, rashin barci. Ya rage goro da shayi, don su ma ƙarfinsu ƙaruwa yake a jikinsa yanzu. Sannan ka sa ido kan masu jinya, su ke shigo da kara a aljihu wai tausayi, alhali ga iskar oksijin a bakin gado.