Folda ta yi wa bayananki kaɗan

Tambaya: Malam, ina karatun tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina rubutu kan jihadin 1804. Na buɗe folda kusan ashirin a kwamfuta, amma duk sanda na tashi neman wani abu sai in rasa inda na jefa shi. Wane tsari ya kamata in bi? Daga wata ɗaliba a Mabera.

Amsa: 'Yar'uwa, laifin na folda ne. Ɗauki yaƙin Tafkin Kwatto na 1804. Ina za ki saka shi? Foldar Gobir na nemansa, ta Abdullahi ɗan Fodiyo ma na nemansa tunda shi ya ja rundunar, ga kuma ta shekarar hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Folda ɗaya kaɗai za ta ɗauke shi, sauran biyun su tashi a tutar babu. Bayan wata uku ke kanki ba za ki tuna wacce kika zaɓa ba.

Abin da nake ba ɗalibai shawara shi ne su bar wa kowane tunani takardarsa. Ra'ayi ɗaya, fayil ɗaya, gajere, da kalmominki, a ƙasa ki rubuta littafi da shafin da kika samo shi. Sai ki ɗaura shi da 'yan'uwansa ta mahaɗi. A manhajar Obsidian, wadda ta fito a 2020, da kin rubuta sunan wani fayil cikin baka biyu masu kusurwa, kamar [[Alƙalawa]], babban birnin Gobir a wancan lokaci, an ɗaura ke nan. In kika buɗe fayil ɗin Alƙalawa za ki ga jerin duk bayanan da suka ambace shi, har waɗanda kika manta. Manhajar tana aiki ba data, fayilolin kuma suna zaune a kwamfutarki.

Dabarar ta girmi kwamfuta. Wani masanin zamantakewa Bajamushe, Niklas Luhmann, wanda ya rasu a 1998, ya bar katuna kusan 90,000, kowanne da lambarsa, suna nuni da juna. Mu ma nan ba baƙinta ba ne. Ki leƙa tsofaffin rubuce-rubucen hannu, irin na cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu: warƙoƙi ne a sake ba ɗinki, amma a ƙasan shafi marubuci kan ajiye kalmar farko ta warƙa mai zuwa. Ko iska ta watsa su, mai karatu zai mayar da kowacce mazauninta kafin ya sa a gafaka.

Sai dai mahaɗi ba dalili shirme ne. Kada ki tsaya ga "duba Alƙalawa". Rubuta: "Nasarar Tafkin Kwatto ba ta gama da Gobir ba, sai da Alƙalawa ta faɗi a 1808." Wannan jimlar ita za ki kwasa kai tsaye zuwa babinki ranar rubutu. Nan ne yawanci ke kasala, su yi ta ɗaure-ɗaure don taswirar mahaɗai da manhajar ke zanawa ta yi kyau, alhali taswirar ba ta taɓa rubuta wa kowa sakin layi ba.

In bayanai kan abu guda sun kai goma sha, buɗe musu fayil na jagora, ki jera su yadda hujjarki ke tafiya. Gobe in malaminki ya ce a sauya tsarin babi, jagoran kaɗai za ki taɓa. Alamomi kuwa ki taƙaita su ga halin aiki, kamar #ban-tantance-ba.

Folda biyu sun ishe ki: ɗaya ta abin da kika kwafo, ɗaya ta tunaninki, don kada maganar wani ta shige cikin taki ba ki sani ba. Duk Juma'a ki kwafe su a filash, ki ajiye shi nesa da jakar kwamfutar.