Zauren Masu Karatu: Malamin Jami'a da Darasin Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugaban sashe ne a wata jami'a. Sau biyu ana kawo masu bita su koya wa malamanmu Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, kwana uku-uku, kowa ya karɓi satifiket. Amma har yau abin da suke ɗorawa bai wuce hoton tsofaffin takardun lakca ba. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. A tsarin bitar yake saƙar. An nuna musu inda ake dannawa, ba a zauna da su kan yadda ake gina darasi ba. Moodle, tun fitowarsa a 2002, rumbu ne: abin da aka zuba shi ɗalibi zai ɗiba. Haka aka gani a 2020 da korona ta rufe makarantu, malamai da yawa suka kwashe allo da alli suka juye a waya yadda suke.

A warwatsa kwana ukun nan su zama mako shida, zama ɗaya na awa biyu duk mako, kuma kada rukuni ya wuce mutum 15. Kowa ya zo da kwas ɗin da zai koyar a zango mai zuwa, ya gina darasin mako biyu daga ciki. A zaman farko ma kada a buɗe kwamfuta. Biro da takarda: me ɗalibi zai iya yi a ƙarshen makon wanda bai iya ba a farkonsa? Nan ake shan gumi, domin yawanci za su rubuta "ya fahimci kaza". Fahimta ba a ganinta. A sa su koma "ya lissafa", "ya bambance", "ya zana", "ya gyara jimlar da ke da kuskure". Daga nan sai kowa ya rubuta aikin da zai nuna ɗalibi ya iya, sannan ya zaɓi abin karantawa da na saurare da zai kai shi can. Naɗar murya da ɗora kaya a manhaja sai mako na huɗu.

A kula da nauyi. Kwas mai yunit 2 awa biyu ne na lakca a mako, na tsawon mako 15. Malamin da ya ɗora bidiyon awa biyu, da shafi 60, da muhawara, da tes, ya ninka wa ɗalibi kaya, alhali yana ɗauke da kwas takwas ko tara.

Zaman da ya fi kowanne amfani shi ne na biyar. Kowane malami ya shiga darasin abokinsa a matsayin ɗalibi, ta ƙaramar waya, da datar aljihunsa, ba intanet ɗin ofis ba. Nan take zai ga jadawalin da ya fita daga fuskar waya da fayil ɗin da ya ƙi saukowa. A mako na shida a ba ɗalibai biyar su gwada, a gyara, sannan a ba da satifiket. Sai kuma abin da ke hannunka kai kaɗai: ka rage wa mai wannan aiki kwas ɗaya a zangon. Ginin farko yana cin lokaci fiye da shirin lakcar aji nesa ba kusa ba, kuma malamin da ke da takardun ɗalibai 400 a gabansa ba zai yi shi don Allah-ya-saka ba.

Tambaya: Ni malama ce a sashen kimiyyar sinadarai. Na naɗi lakcar awa guda da wayata, ɗalibai suka ce data ba ta kai su. In daina bidiyo ne?

Amsa: A'a, Malama, ki rage masa ƙiba. Bidiyon da ke cin megabit 1 a daƙiƙa yana kai megabait 450 a awa guda, kuma abin da kyamarar waya ke naɗa kai tsaye ya ninka haka sau da yawa. Murya zalla a kilobit 32 kuwa, awa guda ba ta kai megabait 15 ba. To ki tambayi kanki wane ɓangare ne dole sai an gani. Daidaita lissafin sinadarai mataki-mataki, ko canjin launi a gwaji, waɗannan na ido ne. Bayanin ma'ana da tarihi, murya da shafi biyu sun wadatar.

Na idon ki yanka shi guntu-guntu. Wani bincike na 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin darussan intanet, ya gano cewa masu kallo sukan fara zamewa bayan kamar minti shida. Ki naɗi fuskar kwamfuta da manhajar OBS Studio, ki matse bidiyon da manhajar HandBrake zuwa 480p, wato ƙaramin girman hoto. Guntun minti shida na rubutu da zane zai iya dawowa megabait 10 zuwa 15. Manhajojin biyu duka kyauta ne. Rubutun ya zama manya, domin matsewa ƙananan lambobin ƙasan alamar sinadari take fara cinyewa. Ki kashe fanka, ki matso da makirufon abin kunne kusa da baki: ɗalibi yana haƙuri da hoto mai hazo, ba ya haƙuri da muryar da janareto ya danne. Bayan kowane guntu ki sa tambaya biyu ko uku. Ki kuma nuna musu yadda ake sauke darasi a manhajar Moodle ta waya lokacin da sabis ke da ƙarfi, a karanta daga baya.

Tambaya: Yaya zan hana satar amsa a tes ɗin intanet? Kuma me zan yi da masu cewa sabis ya ɗauke suna tsakiyar amsawa?

Amsa: Dakta, hanawa ɗungurungum ba ta yiwuwa, sai dai ka sa satar ta zama wahalar banza. Idan tambaya 10 za a amsa, ka tanadi 40 ko 50 a ma'ajiyar tambayoyi, ka kasa su bisa batu da wuya, manhaja ta ciro wa kowa nasa, ta kuma cuɗa jerin zaɓin. A kwas mai lissafi akwai nau'in tambayar da lambobinta ke canzawa daga ɗalibi zuwa ɗalibi. Kada amsoshi su bayyana sai an rufe tes ɗin gaba ɗaya. Wannan saitin ne aka fi mantawa, sai na farko ya ɗauki hoto ya watsa.

Masu kukan sabis sau da yawa gaskiya suke faɗa. Agogon tes yana kan sabar makaranta, wato babbar kwamfutar da manhajar ke kanta, yana ci gaba da tafiya ko wayar ɗalibi ta yanke. Ka buɗe ƙofa ta awa 24 ko 48, kowa ya shiga lokacin da yake da caji, ka ba da dama biyu, ka saita manhajar ta miƙa abin da aka amsa da kanta idan lokaci ya cika. Ɗalibai 500 su danna a minti ɗaya kuwa, ƙaramar saba durƙushewa take yi. Irin wannan tes kada ya ɗauki maki mai yawa. Babbar jarrabawa a yi ta a zaure da masu sa ido, yadda Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, ke tara ɗalibanta a cibiyoyin karatu.

Tambaya: WhatsApp bai isa ba?

Amsa: Ya isa sanarwa da gajeren saƙon murya. Ba ya tattara maki, kuma fayil ɗin mako na biyu yakan nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a. Ka buɗe zaure biyu: ɗaya kai da wakilin aji kaɗai ke rubutu, ɗaya na tambayoyi, ka sanar da awar da kake amsawa.